Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen ƙasar da za a cika fangali mai tudu a Yamai

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu son noman kayan miya a tsakar gida ko a ƙaramar garka a Yamai, musamman idan damina ta ja baya aka shiga shirin noman rani. Fangali mai tudu shi ne wanda ake kewayewa da bulo, tubali, katako ko duwatsu, sannan a zuba masa ƙasa har ta ɗara ƙasar wurin tsawo. Mafi yawan amsoshin za su yi wa mazauna Tawa da kewayenta amfani, kuma inda aka sami bambanci an ambata shi.

Shin dole ne in ɗaga fangali, ko in bi yadda masu garka suka saba?

Ba dole ba ne, kuma ya kamata a yanke wannan shawara kafin a kashe kuɗi kan ƙasa. Fangalin da aka saba gani a garka mai zurfi ne, an kewaye shi da kunya domin ruwa ya tsaya ya ratsa ƙasa, kuma manoman da suka gaji wannan tsari suna da hujja, tun da a ƙasarmu ƙarancin ruwa ya fi yawansa zama matsala. Fangali mai tudu yana shan rana da iska ta gefuna huɗu, don haka ya fi saurin bushewa, musamman lokacin hunturu da bazara.

Ana ɗaga fangali ne idan ƙasar wurin ba ta noma: fako mai tauri, marmara, tsakar gidan da aka shafe da siminti, filin da aka cike da ɓaraguzan gini, ko wurin da ruwa ke kwanciya da damina, kamar yadda ake gani a unguwannin da ke kusa da kogi. Wanda gidansa ke kan jigawa mai zurfi da tsabta zai fi samun sauƙi idan ya gyara ƙasar da yake da ita a inda take.

Wace irin ƙasa ce ta fi dacewa da kayan lambu?

Ƙasar da ake nema ita ce wadda ta haɗa abubuwa uku: tana riƙe ruwa daga ban ruwan safe zuwa na maraice, tana sakin rarar ruwan kada saiwa ta ruɓe, kuma tana da abincin shuka. Da wuya a sami ƙasa guda a kewayen Yamai da ta cika waɗannan sharuɗɗa ita kaɗai. Jigawa tana sakin ruwa amma ba ta riƙe shi, lakar fadama tana riƙewa amma ba ta saki, taki kuma yana ciyarwa amma yana zagwanyewa ya ragu cikin ƴan watanni. Saboda haka abin da ake zuba wa fangali haɗi ne, kuma an yi bayanin yadda ake auna shi a amsar da ta shafi haɗin ƙasa.

Zan iya cika fangali da ƙasar jigawa kaɗai?

Shuka za ta tsiro, amma ba za ta yi nisa ba. Jigawar da ake noman hatsi a kanta a yammacin Nijar kusan kashi tara cikin goma nata rairayi ne, ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma tana da ƙarancin sinadarin fosforas, abin da binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya daɗe da nunawa. Hatsi da wake suna jure wannan saboda saiwarsu tana nutsawa nesa. Salati, kabeji da albasa kuwa saiwarsu a sama take, kuma idan ƙasar saman ta bushe da tsakar rana ba su da inda za su nemi ruwa.

Duk da haka jigawa ita ce ginshiƙin haɗin, domin tana da sauƙin samu, tana da laushi, kuma karas yana miƙewa a cikinta ba tare da ya karkace ba. A kula da bambanci tsakanin ƙasar saman gona da yashin gini. Yashin da ake ɗebowa daga kogi ko ƙorama domin kwaɓa siminti ruwa ya riga ya wanke shi, babu abin da ya rage masa na abinci.

Ashe ba ƙasar fadama ko ta bakin kogi ta fi kowace ba?

Ta fi jigawa abinci, kuma ta fi ta riƙe ruwa da taki. A kan irin wannan ƙasa mai nauyi ake noman shinkafa a Saga da Kirkisoye, kuma ƙasar kwaruruwan Maggiya da Tarka ce take ba da albasar Galmi da ake kaiwa har ƙasashen gaɓar teku. Amma abin da ya yi kyau a buɗaɗɗen kwari ba lallai ya yi kyau a cikin bulo huɗu ba. Laka zalla idan ta jiƙe tana danƙarewa ta hana iska shiga, idan ta bushe kuma ta tsage ta tsinka ƙananan saiwoyi, samanta ya yi ɓawon da ƙwayar salati ko karas ba za ta iya hudawa ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi: mutum ya ga lakarsa ta yi tauri, sai ya zuba mata yashi kaɗan yana fatan ta saki. Laka mai yawa da yashi kaɗan, in aka jiƙa aka bar wa rana, kwaɓin tubali ke nan. Ba ta sakin jiki sai rairayi ya rinjaye ta, ko kuma an ba ta taki mai yawa. Ana kuma bukatar binciken ƙasar fadama ta fuskar gishiri da ciyawa kafin a saya, kamar yadda aka yi bayani a amsoshin da ke ƙasa.

To yaya ake haɗin, kuma da wane ma'auni?

Ma'aunin da za a iya farawa da shi shi ne kashi biyu na ƙasar saman jigawa, kashi ɗaya na ƙasar fadama da aka daka aka tankaɗe, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ana aunawa da bokiti ko baro, abu ɗaya ga duka ukun. Idan ƙasar da aka samo tana da ɗan danƙo tun asali, a rage lakar ko a bar ta gaba ɗaya, a yi kashi uku na ƙasa da ɗaya na taki. Karas da albasa sun fi son haɗi mai sauƙi, kabeji da tumatir kuma suna karɓar wanda ya ɗan fi nauyi.

A gauraya komai a waje, a kan daɓe ko shimfiɗaɗɗen buhu, a juya da shebur har launin ya zama ɗaya, kafin a zuba a fangali. Zubawa hawa-hawa, laka a ƙasa da rairayi a sama, yana sa ruwa ya tsaya a mahaɗar biyun, saiwa kuma ta ƙi wucewa. Bayan an cika, a ba shi ruwa sosai a bar shi mako ɗaya zuwa biyu, domin ƙasar ta zauna, ciyawar da ke ciki ta fito a cire ta, sannan a yi shuka ko dashe.

Idan kuɗi bai kai a sayi duka ukun ba, a ganina taki ne abin da bai kamata a rage ba. Ana iya yin fangali mai kyau ba tare da laka ba, amma ba a yinsa ba tare da taki ba.

Ta yaya zan gwada ƙasa kafin in biya kuɗinta?

Gwaji na farko da hannu ake yi. A jiƙa ƙasa cikin tafin hannu a dunƙule. Idan ta ƙi dunƙuluwa, rairayi ce. Idan ta dunƙule har ana iya murza ta ta yi tsawo ta lanƙwashe ba ta karye ba, laka ta yi yawa. Wadda ake so ita ce mai dunƙuluwa amma da an taɓa ta da yatsa ta wargaje. A kuma shinshina: ƙasa mai rai tana da ƙamshin da ake ji bayan ruwan fari, wadda ke warin kwata, man mota ko ƙonanniyar leda kuma a bar wa mai ita.

Gwaji na biyu yana bukatar kwalba mai haske. A zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Rairayi yana kwanciya cikin minti ɗaya ko biyu, lallausar ƙasa mai kama da gari ta biyo baya cikin ƴan sa'o'i, laka kuma sai ta kwana ko ta fi kafin ta sauka. Kaurin kowane layi yana nuna rabonsa. Na uku shi ne a cika gwangwani da ƙasar a shuka wake ko salati, a shuka irinsu a wata ƙasar da aka amince da ita, a kwatanta bayan kwana goma. Idan tsiron ya ƙi fitowa, ko gefen ganyensa ya ƙone, akwai gishiri ko ɗanyen taki.

Wanda zai yi fangali da yawa domin sayarwa, yana da kyau ya kai samfuri ɗakin gwajin ƙasa na cibiyar binciken noma ta INRAN a Yamai, inda ake auna tsami, gishiri da sinadaran abinci da na'ura.

Masu amalanke suna kawo baƙar ƙasa daga juji, kuma shuka tana yin kyau a kanta. Me ya sa ake hana ta?

Gaskiya ne shuka tana yin kore a kanta, domin juji yana tara toka, ragowar abinci da kashin dabbobi. Jujin ƙauye na da, wanda babu komai cikinsa sai shara da toka da kashin awaki, taki ne mai kyau. Jujin birni na yau daban ne: akwai fasassun batura, leda, kwalabe, allurai, ragowar fenti, baƙin mai da ƙonannun wayoyin lantarki. Tankaɗe yana fitar da abin da ido ke gani kawai. Dalma da kadmiyam, ƙarafa masu guba da suka narke a cikin ƙasar, ba sa fita da rariya, ba sa ruɓewa, kuma kayan ganye irin su salati da alayyafo suna cikin masu saurin ɗaukar kadmiyam.

Haɗarin bai tsaya ga abin da ake ci ba. Yara suna wasa da ƙasar tsakar gida suna kai hannu baki, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta hanyar da ba a gyarawa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta gurɓata ƙasar gidaje har ɗaruruwan yara suka rasu, ya nuna yadda ƙasa ke ɗaukar guba ba tare da kamanninta sun canza ba. Baƙin launi ba shaida ba ne. Gawayi da baƙin mai ma suna baƙanta ƙasa. A tambayi mai amalanke daga ina ya ɗebo, kuma in da hali a bi shi a gani da ido.

Daga ina ya dace a ɗebo ƙasa, ina ne kuma bai dace ba?

Ƙasa mai amfani ita ce ta sama, kamar santimita 20 na farko. Wuraren da suka fi kyau su ne tsohon makwancin shanu, gindin turke, da ƙarƙashin itacen gawo, wanda yake zubar da ganye da damina, dabbobi kuma suke taruwa a inuwarsa da rani. Ƙasar suri da gara ta bari tana da laka mai laushi, kuma ana iya daka ta a sa kaɗan a madadin ta fadama. Ba a ɗiba a gonar kowa sai da izininsa, kuma ba a kwashe saman gona gaba ɗaya, domin abin da aka ɗauke cikin yini ɗaya yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya dawo. Haka nan yanke gaɓar kogi ko ta ƙorama yana ƙara zaizaya.

A guji ƙasar da aka haƙo daga tushen gini, rijiya ko masai, da jar marmarar da ake cika hanya da ita, da ƙasar gefen babbar hanya, garejin kanikawa, wurin jima da rini, da bakin magudanar da ke ɗauke da ƙazantar gari, irin ta kwarin Gunti Yena.

Wane taki ya fi, kuma me zai faru idan na sa ɗanye?

Kashin shanu ya fi sanyi kuma ya fi gyara jikin ƙasa. Na awaki da tumaki ya fi shi ƙarfi, amma busassun ƙwayoyinsa suna daɗewa ba su fashe ba, kuma yakan zo da ƙwayar bagaruwa da ta ciyawa. Kashin kaji ya fi duka zafi, don haka rabin ma'aunin da aka ambata a amsar haɗin ƙasa ya isa, ko ƙasa da haka. Ana samun taki a turakun dabbobi da gidajen masu kiwo, sai dai a duba kada rabinsa ya zama rairayin da aka share tare da shi.

Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kiran ƙuda da gara, yana sa karas ya yi rassa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci ga salati da ake ci ɗanye. Ƙa'idar noman da ba ya amfani da sinadarai a Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa. Salati bai kai wata biyu a fangali ba, ke nan babu yadda za a yi ɗanyen taki ya dace da shi. Busasshen taki ma ba ruɓaɓɓe ba ne: rana ta tsayar da shi ne kawai, da ya ji ruwa zai fara zafi a gindin shuka.

Yaya ake ruɓar da taki, kuma yaushe za a san ya nuna?

A haƙa rami ko a yi tsibi a inuwa, a jera kashin dabba, busasshiyar ciyawa ko yankakken kara, ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya hawa-hawa, ana yayyafa ruwa har ya yi laima ba tare da yana ɗiga ba, sannan a rufe da tsofaffin buhuna ko tabarma. Cikin ƴan kwanaki cikinsa zai yi zafi, kuma zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65 yana kashe yawancin ƙwayar ciyawa da ta cuta. A juya shi duk mako biyu, a ƙara ruwa idan ya bushe, domin a Yamai bushewa ce take tsayar da taki fiye da komai. Cikin wata biyu zuwa uku ya kamata ya yi sanyi, ya yi duhu, warinsa ya tafi, kuma a kasa gane abin da aka zuba. Wanda yake son dashe a Nuwamba sai ya haɗa takinsa tun watan Agusta, lokacin da ɗanyar ciyawa take ko'ina.

Wane zurfi ake bukata, kuma ƙasa nawa zan saya?

Salati, alayyafo da albasa suna wadatuwa da santimita 20. Karas, kabeji da tattasai suna son 30. Tumatir, yalo da kuɓewa suna bukatar 40 ko fiye idan ƙarƙashin fangalin a rufe yake, amma idan a kan ƙasa yake, a sassaɓe ƙasan da fartanya ko diga kafin a cika, saiwa za ta ƙarasa da kanta. A yanayinmu ƙarin zurfi yana nufin ƙarin ajiyar ruwa, don haka kada a yi ƙasa da 30 in ana son fangalin ya kai bazara. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya da santimita 20, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasar ba.

Lissafin shi ne tsawo sau faɗi sau zurfi. Fangali mai mita 3 a tsawo, mita 1 a faɗi da santimita 30 a zurfi yana cin lita 900, wato bokiti 45 na lita 20. A kan ma'aunin biyu, ɗaya, ɗaya, za a nemi kamar bokiti 23 na jigawa, 11 na laka da 11 na taki. A ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma, domin ƙasar za ta sauka bayan ban ruwan farko.

Na ga fari-fari a saman ƙasa. Mene ne, kuma yana da magani?

Gishiri ne ko kanwa. Yana iya zuwa tare da ƙasar, musamman ta fadamar da ruwa ke kwanciya ya ƙafe, ko ta wasu sassan Dallol Boso da Dallol Foga, inda mutane suka daɗe suna dafa ƙasa su fitar da kanwa da gishiri. Yana iya kuma taruwa daga ruwan rijiya mai ɗanɗano, daga kashin kaji ko toka mai yawa, ko daga ban ruwa kaɗan-kaɗan wanda rana ke shanyewa ta bar gishirin a sama. Alamarsa ita ce shuka ta yi yaushi alhali ƙasa tana da laima, gefen ganye kuma ya ƙone. Albasa, karas da salati su ne suka fi saurin jin jiki, tumatir ya ɗan fi su juriya.

A nan fangali mai tudu yana da fa'ida, domin ruwa yana da mafita. A kankare farin ɓawon a zubar nesa, a ba fangalin ruwa mai daɗi mai yawa sau biyu ko uku har ya fito ta ƙasa, sannan a rufe saman da ciyawa domin rage ƙafewa. Ƙasa mai kanwa ta fi wuya, domin tana toshewa ta hana ruwa wucewa, kuma a ƙaramin fangali sau da yawa kwashe ta ya fi gyaranta sauƙi.

Toka tana da amfani? Me ake nufi da tsamin ƙasa?

Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH, kuma yawancin kayan lambu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Jigawar da aka daɗe ana nomawa takan yi tsami, ta sauka ƙasa da 6, kuma tokar itace tana gyara wannan tare da ƙara sinadarin potasiyam. Amma kaɗan ake so: cikin tafin hannu ɗaya ko biyu ga kowace murabba'in mita a shekara, a barbaɗa a gauraya. Kada a haɗa ta da takin zamani na yuriya ko ɗanyen kashin kaji, domin tana sa naitrojin ya tashi ya bi iska, kuma kada a yi amfani da tokar da aka ƙona leda ko katako mai fenti a cikinta.

Mazauna Tawa su ƙara lura. Yankin Adar yana da dutsen farar ƙasa, wanda da shi ake yin siminti a Malbaza, kuma ƙasar wasu kwaruruwansa ba ta da tsami ko kaɗan. A matsa lemun tsami a kan busasshiyar ƙasa. Idan ta yi kumfa, ba ta bukatar toka.

Buntun shinkafa, ƙaiƙayi, garin katako da garin gawayi fa?

Buntun shinkafa yana da sauƙin samu a Yamai, yana sassauta ƙasa mai nauyi kuma yana daɗewa, sai dai ba shi da abinci. Kashi ɗaya cikin goma na haɗin ya isa, kuma wanda aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba ya fi ɗanye. Ƙaiƙayin hatsi da ɓawon gujiya gara a sa su a ramin taki ko a rufe saman fangali da su. Garin katako ɗanye kada a binne shi, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna cinye naitrojin ɗin ƙasa, ganye ya koma rawaya. Garin gawayi da ke taruwa wurin masu sayarwa yana taimaka wa rairayi riƙe ruwa da taki, amma a jiƙa shi cikin taki na wasu makonni kafin a zuba. Cika ƙasan fangali da itace da kara domin a rage kuɗin ƙasa, kamar yadda ake gani a intanet, a nan gayyatar gara ce.

Tumatir ɗina ya tsaya, da na tuge na ga ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Daga ƙasa ne?

Daga ƙasa ne. Wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta kumbura ta, kuma ta fi yaɗuwa a rairayi mai ɗumi. Tana kama tumatir, kuɓewa, yalo, karas da salati, kuma tana zuwa ne a cikin ƙasar tsohuwar garka ko a saiwar dashen da aka saya. Saboda haka kafin a ɗebi ƙasa a garkar wani, a tugi tsohon gindin tumatir ko kuɓewa a duba. A duba kuma ko akwai ciyawar jiji da ƙiri-ƙiri, domin ƙaramin guntun saiwarsu ya isa ya cika fangali, kuma rariya ce kaɗai ke raba su da ƙasa.

Idan tsutsar ta riga ta shiga, a yi amfani da zafin Afrilu da Mayu. A kwashe saiwoyi a ƙona, a jiƙa ƙasar sosai, a lulluɓe ta da farar leda mai haske, a danne gefuna da ƙasa, a bari mako huɗu zuwa shida. Wannan yana rage tsutsar da ƙwayar ciyawa a saman ƙasa ƙwarai, ko da bai ƙarar da su ba. Bayan haka a ƙara ruɓaɓɓen taki da dakakken ƴaƴan dogon yaro, kuma a juya shuka: inda tumatir ya tashi a sa masara, albasa ko tafarnuwa.

Takin zamani ba zai wadatar ba, in huta da neman na gargajiya?

Ba zai wadatar ba. NPK 15-15-15 da yuriya suna ba da abinci, amma ba sa ƙara wa rairayi ikon riƙe ruwa, kuma a fangalin da ake shayarwa kullum ruwa yana wanke naitrojin ya kai shi inda saiwa ba ta kai. Amfaninsu shi ne cike gurbi ga masu ci da yawa irin su kabeji da tumatir, kaɗan-kaɗan, nesa da gindi, a kan ƙasa mai laima. Garin dutsen fosfat na Tawa yana maganin ƙarancin fosforas da aka ambata a amsar jigawa, amma a hankali yake narkewa, kuma ya fi aiki a ƙasa mai tsami ko idan an zuba shi a ramin taki tun farko.

Ƙasar da ake sayarwa a buhu daga ƙasashen waje ta fi ta gida?

An yi ta ne domin tukwanen fure da renon iri. Tana da tsada, tana da sauƙin nauyi, kuma idan ta bushe sarai ruwa yana bin gefenta ya wuce ba tare da ya jiƙa ta ba, abin da yake faruwa da sauri a zafin Yamai. Cika fangali da ita asarar kuɗi ce. Domin renon tumatir, kabeji ko tattasai, ana iya yin ta gida: kashi ɗaya na ƙasar jigawa da ɗaya na takin da ya nuna sarai, a tankaɗe da rariya mai laushi, ba tare da laka ba. Kada a yi reno da ƙasar da aka noma tumatir a kanta bara, domin cutar da ke kwantar da tsiro daga gindi tana zama a ciki.

Fangalina a kan siminti yake, ko a saman bene. Akwai abin da zai canza?

Mafitar ruwa ita ce ta farko: a bar ƙofofi a jeren bulo na ƙasa, a toshe su da guntun buhu domin ruwa ya fita ƙasa ta zauna. Shimfiɗa tsakuwa a ƙasan fangali ba ya ƙara saurin fitar ruwa, yana rage wa saiwa wuri ne kawai. Siminti yana ɗaukar zafi, don haka a ƙara zurfi kuma a rufe saman ƙasa da ciyawa. A saman bene nauyi ne abin tsoro. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zurfin santimita 30 tana iya haura kilo 450 a kowace murabba'in mita, saboda haka sai an tambayi injiniya ko maginin da ya san ginin, a kuma rage laka a ƙara buntun shinkafa.

Sai na canza ƙasar duk shekara?

A'a, sai in an tabbatar da guba ko kanwa mai yawa. Abin da ke ƙarewa shi ne taki, domin zafi da ban ruwa suna saurin cinye shi, kuma shi ya sa ake ganin fangali yana sauka kowace shekara. Kafin kowace shuka a zuba ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 3 zuwa 5, a gauraya shi da saman ƙasa ba tare da an birkice ta har ƙasa ba. Idan akwai dogon yaro kusa, a duba ko saiwarsa ta shigo ta ƙasa tana shanye ruwa, a datse ta. Fangalin da za a huta da shi a bazara a rufe shi da kara ko ciyawa, da damina kuma a shuka masa wake, a yanke ganyen a bar saiwar a ciki kafin dashen Nuwamba.